Tambaya da Amsa: Sauya wurin aiki da neman ci gaba a aikin jinya

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan makonnin nan daga ma'aikatan jinya da ungozoma suka fito, kuma kusan duk magana ɗaya suke juyawa, wato a zauna ko a tashi, in kuma za a tashi, ina ya kamata a dosa. Na zaɓi huɗu daga ciki na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su da na asibitocin da suke aiki, kamar yadda aka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, shekarata bakwai ina aiki a wani babban asibitin gwamnatin jiha. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ta ba ni aikin kwantiragi na shekara ɗaya, albashin kuma ya kusa ninka nawa sau uku. Mahaifina ya ce kada in saki reshe in kama ganye, maigidana kuwa ya bar mini zaɓi. Abin da nake karɓa yanzu ba ya kai ni tsakiyar wata. Wace shawara za ki ba ni? Daga Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Tsakanin zama da ajiye aiki akwai wasu ƙofofi da dokokin aikin gwamnati suka tanada, kuma su ya kamata ki fara ƙwanƙwasawa. Akwai hutu ba albashi, wanda ma'aikaci yake nema a rubuce na wani ƙayyadadden lokaci, sunansa yana nan a fayil, in wa'adin ya cika ya dawo bakin aikinsa. Akwai kuma aron ma'aikaci, inda ma'aikatar lafiya take ba wata hukuma ko ƙungiya aron ma'aikacinta, musamman idan aikin a cikin jihar ake yin sa kuma akwai yarjejeniya tsakanin ƙungiyar da gwamnati. Ba kowa ake sahale wa ba, domin ƙarancin ma'aikata ya sa shugabanni ba sa son sakin ko mutum ɗaya, amma takardar neman izini ba ta cin komai, kuma wanda ya nema aka hana shi ya fi wanda ya ɓace daga aiki daraja a idon hukuma.

Sai ki duba abin da shekarun nan bakwai suka tara miki, domin ba a ganin sa a takardar albashi. A tsarin gwamnatin tarayya, wanda jihohi da dama suke kwaikwaya, shekara 3 ce tsakanin ƙarin girma da ƙarin girma daga mataki na 7 zuwa na 14, ko da yake kowa ya san a aikace takardar takan makara, kuɗin ya fi ta makara. Idan kika ajiye aiki kika dawo bayan shekara biyu, ba lallai a mayar da ke inda kika tsaya ba, kuma sai an buɗe ɗaukar ma'aikata tukuna. Batun fansho ya fi wannan nauyi. Dokar fansho ta tarayya ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba kashi 10, asusun kuma na ma'aikacin ne, yana bin sa duk inda ya koma. Jigawa da Kano kuwa suna da nasu tsarin, wanda yawan shekarun aiki yake da tasiri a kan abin da mutum zai samu a ƙarshe. Saboda haka ki je ofishin fansho na jiha da ƙafarki, ki tambayi abin da zai faru da kuɗin da aka cire miki idan kika bar aiki a shekara ta bakwai, ki kuma nemi a nuna miki a rubuce, kada ki tsaya a maganar abokan aiki a ɗakin canja kaya.

Game da ƙungiyar ita kanta, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce daga ina kuɗinta yake fitowa. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga bisani aka rushe hukumar ba da agajin ƙasar, wato USAID, ma'aikatan lafiya da yawa a shirye-shiryen yaƙi da cuta mai karya garkuwar jiki da tarin fuka da tamowa suka wayi gari an dakatar da su, ba don sun yi laifin komai ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda mafi yawan kuɗinta daga ɗaiɗaikun masu ba da gudummawa yake zuwa, tana aiki a sashen haihuwa da na masu yoyon fitsari a asibitin Jahun tun 2008. Ke nan ƙungiya suna ta tara. Ki tambayi shekarun da shirin ya yi, da lokacin da tallafinsa na yanzu zai ƙare, da ko ana zuba wa ma'aikata fansho da inshorar lafiya, da kuma abin da ake ba mutum ranar da aka sallame shi.

Ki kuma tambayi irin aikin. Idan na jinya ne a gefen gado, za ki ƙaru da horo da tsari da kayan aikin da wataƙila ba ki taɓa samu ba. Idan kuwa na cike fom da rubuta rahoto ne, za ki koyi tafiyar da shiri, wanda shi ma ilimi ne mai kasuwa, sai dai hannun ungozoma yana sanyi idan ya daɗe bai karɓi haihuwa ba. Ko wanne ne, lasisinki na hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, NMCN, yana buƙatar sabuntawa duk shekara 3 tare da shaidar halartar horon da hukumar ta wajabta, kuma ƙungiya ba za ta tuna miki ba.

Ra'ayina shi ne, idan aka ba ki hutu ko aro, ki tafi ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Idan aka hana, kada ki tafi sai kin cire kuɗin haya da na zirga-zirga da na mai kula da yara daga sabon albashin, kin ga abin da ya rage zai iya biya miki karatun digiri ya kuma riƙe gida na wasu watanni bayan kwantiragin ya ƙare. In lissafin ya fita, ki ajiye aikin ta hanyar da ta dace, da takardar sanarwa da miƙa ragama da karɓar shaidar sallama. Baba yana da gaskiya a tsoronsa, amma a zamaninsa albashin gwamnati yana kai mutum ƙarshen wata.

Tambaya: Ranki ya daɗe, ni namiji ne ɗan shekara 29, ina da shaidar kammala makarantar jinya ta shekara uku, ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa. Na tara ɗan abin da zai kai ni karatu, amma na rasa wanda zan zaɓa tsakanin kwas na ƙwarewa, kamar ba da maganin sa barci a ɗakin tiyata, da kuma digirin jinya. Wanne ya fi? Daga Zariya.

Amsa: Ɗana, kowannensu da inda yake kai mutum, kuma wanda zai daɗe a wannan aiki a ƙarshe yakan buƙaci duka biyun, don haka maganar ta wanda za a fara ce.

Kwas na ƙwarewa gajere ne, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma ba sai ka yi nisa da gida ba. Asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello yana da irin waɗannan makarantu, asibitin ƙashi na Dala a Kano yana horar da masu jinyar ƙashi, cibiyar ido ta ƙasa da cibiyar kunne ta ƙasa duk suna Kaduna, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana horar da masu jinyar taɓin hankali, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano kuma yana da na jinyar yara. Amfaninsa yana zuwa da wuri. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi da yawa ba su da likitan sa barci, ma'aikacin jinyar da ya ƙware a fannin shi ne yake tsayawa a kan mace mai naƙuda idan za a yi mata tiyata da tsakar dare, kuma wanda ya iya wannan ba ya yawo da takardun neman aiki. Sai dai ka sani aiki ne na kira a kowane lokaci, kuskure a cikinsa kuma rai ne, saboda haka kada kuɗi kaɗai ya kai ka.

Digiri kuwa shi ne yake ɗaga rufin da ke saman kan ma'aikaci. A aikin gwamnati, wanda ba shi da digirin jinya yakan tsaya a matsayin babban jami'in jinya, wato mataki na 14, komai ƙwarewarsa da yawan kwasa-kwasansa, domin matakan mataimakin darakta zuwa darakta, daga 15 zuwa 17, na masu digiri ne. Duk wanda ya yi aiki a babban asibiti ya ga dattijuwar da ta koya wa rabin ma'aikatan wurin sa allura da ɗaura ruwa, tana zaune a wuri ɗaya shekara da shekaru, waɗanda ta raina suna wuce ta suna sa hannu a takardar hutunta. Ni ban ga adalci a wannan ba, amma haka tsarin yake. Digirin ne kuma yake buɗe hanyar digiri na biyu da koyarwa a jami'a. Mai shaida irin taka yana iya shiga kai tsaye daga aji biyu a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri, ya yi shekara huɗu, jami'ar karatu daga gida ta NOUN kuma tana ba ma'aikatan jinya masu rajista damar yin digirin suna kan aikinsu.

Tun da a asibiti mai zaman kansa kake, ba wanda zai ba ka hutun ƙaro ilimi da albashi, kuma abin da ka tara da wuya ya riƙe ka shekara huɗu. Shi ya sa nake ganin ka fara da kwas ɗin, ka yi amfani da shi ka sami aiki mai gwaɓi, sa'an nan ka shiga digirin kafin iyali su yi yawa. Da a ce ma'aikacin gwamnati ne kai, da na ce ka nemi hutun karatu ka tafi jami'a kai tsaye, ka kuma karanta yarjejeniyar da za a sa ka sa wa hannu ta yawan shekarun da za ka yi wa gwamnati aiki bayan ka dawo.

Abu biyu za ka kiyaye. Digiri a wani fanni na kusa, kamar ilimin koyar da kiwon lafiya, ba lallai ya buɗe maka matakan darakta a layin jinya ba, mutane da yawa sun gane haka bayan sun kashe kuɗi da shekaru. Ka kuma tabbatar NMCN da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa sun amince da makarantar, musamman waɗanda ake tallata wa mutane a ƙetaren iyaka, domin a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Shekarata tara a aikin jinya, ina da aure da yara uku. Wani dillali ya ce in ba shi kuɗi masu yawa zai samo mini bizar aikin kula da tsofaffi a Ingila, in na isa sai in koma aikin jinya. Wata ƙawata kuma tana aiki a Saudiyya, tana ta kirana. Zuciyata ta rabu biyu, ga kuma jin nauyin barin marasa lafiyarmu. Daga Kano.

Amsa: 'Yata, ki riƙe kuɗinki. Tun watan Maris na 2024 Ingila ta hana masu bizar kula da tsofaffi tafiya da iyalansu, a watan Yulin 2025 kuma ta rufe ɗaukar sababbin masu wannan aiki daga ƙasashen waje. Wanda ya ce zai sayar miki da wannan biza yanzu, ko dai bai san abin da ake ciki ba ko kuma ya sani sarai.

Hanyar ma'aikaciyar jinya daban take, kuma ba ta bi ta hannun dillali. Za ki yi rajista da hukumar jinya ta Ingila, ki ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ki ci jarrabawar kwamfuta wadda ake iya zaunawa a nan gida, sa'an nan ki ci ta gwajin aiki da hannu, wadda sai a can ake yin ta. Kada ki yarda kowa ya ce zai saukaƙa miki ko ɗaya daga ciki. A 2023 hukumar ta Ingila ta soke sakamakon wata cibiyar jarrabawa a Ibadan saboda zargin maguɗi, abin ya shafi har waɗanda suka rubuta da hannunsu, aka sa su sake zaunawa. Ki kuma sani Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya, tare da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, wannan ya sa ƙa'idar Ingila ta hana asibitoci da kamfanonin ɗaukar ma'aikata zuwa farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe. Abin da aka yarda da shi shi ne mutum ya nemi aikin da kansa kai tsaye.

Idan kika isa, galibi daga matakin farko na ma'aikatan jinya masu rajista za ki fara, shekarunki tara ba za su ɗaga ki nan take ba. Albashin yana da girma idan aka juya shi zuwa naira, amma a can za ki biya haraji da haya da kuɗin renon yara, duk a kuɗin fam, kuma babu kaka ko ƙanwar da za ki bar wa yara ranar aikin dare. Abin da Ingila take da shi shi ne hanyar ƙwarewa da damar zama da iyali.

Saudiyya ta fi kusa da rayuwarki ta fuskar addini da sutura da abinci, ba a cire harajin albashi, asibitoci da yawa kuma suna ba da masauki. Ita ma tana da matakanta, wato tantance takardu ta kamfanin DataFlow, da jarrabawar Prometric, da rajista da hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta ƙasar. Amma aikin kwantiragi ne, izinin zamanki yana rataye da wanda ya ɗauke ki, kuma ba kowane kwantiragi ne yake ba da damar kawo miji da yara ba. Ki roƙi ƙawarki ta nuna miki nata ki karanta, ki duba awannin aiki da hutun shekara da tikitin jirgi da abin da zai biyo baya idan kika so tafiya kafin wa'adi. Wurin tara jari ne a dawo, don haka mai zuwa ya tafi da sanin abin da zai dawo ya yi.

Ko ina kika zaɓa, sai NMCN ta tabbatar wa hukumar can da sahihancin takardunki. A watan Fabrairun 2024 NMCN ta fito da sababbin sharuɗɗa, ciki har da sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki, ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, shafin tantancewar ya yi watanni a rufe kafin a sake buɗe shi. Ki duba sharuɗɗan da ke aiki a ranar da za ki nema, kada ki dogara da labarin wanda ya tafi bara.

Nauyin da kike ji kuwa yana da tushe. Magatakardan NMCN na wancan lokaci, Dakta Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya dubu 42 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, dubu 15 daga ciki a 2023 kaɗai, kuma waɗanda suka rage su ne suke ɗaukar aikin mutum uku. Amma gyaran wannan yana wuyan masu tsara albashi da ɗaukar ma'aikata, ba zan ɗora shi a kan uwar yara uku ba. Wanda ya wajaba ki zauna da shi ku yi magana ta gaskiya shi ne maigidanki, musamman a kan wanda zai riƙe yaran a shekarar farko.

Tambaya: Hajiya, shekarata goma sha biyu a asibitin jiha, ba ma jituwa da shugabar ɗakinmu, har na fara ƙin wayewar gari. Na sami gurbi a wani asibitin gwamnatin tarayya, amma a matakin da bai kai nawa ba. In karɓa? Daga Sakkwato.

Amsa: Malama, idan shugabar ce kaɗai matsalar, neman canjin ɗaki daga ofishin shugabar ma'aikatan jinya ya fi sauƙi, domin ita ma ana iya ɗauke ta gobe. Idan kuwa kina son komawa tarayya ne don kanta, akwai hujja, saboda asibitocin tarayya suna biyan tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS cikakke, jihohi da dama kuwa wani kaso suke biya, shi ya sa ƙaramin mataki a can yakan iya fin babba a nan. Ba wai can babu kuka ba ne, ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya sun shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025 a kan alawus da tsarin aiki.

Kafin ki karɓa, ki tambayi sashen kula da ma'aikata na sabon wurin ko za su ɗauke ki a matsayin wadda aka yi wa canjin aiki daga jiha zuwa tarayya, yadda shekarunki goma sha biyu za su shiga lissafi, ko kuwa sabuwar ɗauka ce da za ki sake zaman gwaji na shekara biyu kafin a tabbatar da ke. Za su nemi takardar kama aikinki ta farko, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardar albashi ta baya-bayan nan, da kuma amincewar hukumar da kike barin. Ki haɗa su tun yanzu, kuma kada ki miƙa takardar barin aiki sai takardar ɗauka ta asali ta shigo hannunki kin kuma tabbatar da ita a ofishin asibitin da kanki.